470 ko 49er? Amsa ga masu son shiga tseren kwale-kwalen iska na mutum biyu

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce shi da abokinsa sun shekara biyu suna tuƙa ƙaramin kwale-kwale mai filafili, irin na mutum ɗaya, kowa da nasa. Yanzu suna so su haɗa kai su shiga tsere a na mutum biyu. Ya ga 49er a gasar Olamfik, ransa ya biya, har suka samu aron wani suka gwada sau ɗaya. A faɗarsa, zaman da suka yi a cikin ruwa ya fi wanda suka yi a kan jirgin. Yana so ya san abin da ke ba waɗannan jirage irin wannan gudu, da dalilin da ya sa suke yawan kifewa, sannan ko 49er ya kamata su nema ko 470. Nauyinsu su biyu a haɗe kilo 140 ne.

To, ɗan'uwa, shawarata a taƙaice ita ce kada ku fara da 49er. Amma idan na tsaya a nan ba za ka yarda ba, don wanda ya ɗanɗana gudun jirgin nan ko na minti biyu ne, da wuya a raba shi da shi da baki kawai. Saboda haka bari in bi da kai ta yadda gudun yake samuwa, za ka ga amsar ta fito da kanta.

Duk jirgin da ke ratsa ruwa yana tayar da taguwa a goshinsa, wata kuma ta biyo shi a baya. Idan gudu ya ƙaru, tazarar da ke tsakanin taguwoyin nan biyu sai ta ƙaru. Akwai inda za a kai tazarar ta yi daidai da tsawon jirgin, a nan sai ya tsinci kansa a cikin kwari, goshi a sama, baya a nutse, yana faman hawa tudun ruwan da shi da kansa ya haƙa. Ga jirgin da tsawonsa a cikin ruwa ya kai mita huɗu da rabi, wannan katanga tana nan wajen kilomita 9 da rabi a awa ɗaya. Jirgi mai nauyi ba ya wuce ta, ko ka ƙara masa filafili sai dai ya ƙara nutsa baya. Amma mara nauyi, mai shimfiɗaɗɗen ciki ta baya, idan ya samu isasshen ƙarfi sai ya haye taguwar tasa, ya ɗago, ya riƙa zamiya a fuskar ruwa kamar dutsen da yaro ya wurga a kwance. Da zarar ya hau, katangar ta rushe. 49er yana wuce kilomita 35 a awa idan yana bin iska mai ƙarfi, alhali tsawonsa mita 4.99 ne kacal. Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Uffa Fox ya ƙera jirgin da ya kira Avenger, a ajin International 14, wanda a shekarar 1928 ya shiga tsere 57 ya zo na ɗaya a 52. Tun daga nan masu ƙira suka gane inda aka dosa.

Ƙarfin da zai ɗaga jirgin daga filafili yake zuwa, kuma a nan matsalar take. Iskar da ke tura ka gaba ita ce dai ke neman kwantar da kai gefe. Babban jirgin iska yana da dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa da ke tsayar da shi. Waɗannan ƙanana ba su da komai sai allon ƙarƙashi, wanda aikinsa hana jirgin zamewa gefe, ba tsayar da shi ba. Abin da ke riƙe jigon, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafili, a miƙe jikinku ne, ku biyun. Lissafin kuwa na sikeli ne: nauyin mutum sau nisansa daga tsakiyar jirgi. Wanda ya zauna a gefe ya saƙala ƙafafunsa a maɗauri ya kwanta baya, tsakiyar nauyinsa ba ta wuce kamar mita ɗaya daga tsakiya ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro igiyar lilo, wato waya da ke saukowa daga saman jigo, mutum ya saƙala ta a ƙugiyar ɗamarar da ke ƙugunsa, ya taka gefen jirgin da tafin ƙafa, ya miƙe a kwance a kan ruwa. Peter Scott da John Winter sun yi amfani da ita suka ci kofin Yariman Wales a 1938, nan take aka haramta ta a ajin International 14, aka daɗe kafin a dawo da ita.

Yanzu kwatanta jiragen biyu. A 470 mutum ɗaya ne ke lilo, matuƙi yana zaune a gefe, kuma faɗin jirgin bai kai mita biyu ba. A 49er an maƙala fukafukai a kowane gefe har faɗinsa ya kai mita 2.90, kuma dukansu biyu suna lilo daga bakin fiffiken, har da matuƙin, wanda ke riƙe da doguwar sandar tuƙi yana rataye. Ɗauki misali. Mutum mai kilo 70 yana lilo a nisan mita 1.8, abokinsa mai kilo 60 yana zaune a nisan mita ɗaya, ka samu kusan 190. Mutum biyu masu kilo 80 kowanne, a nisan kamar mita 2.4, ka samu sama da 380. Ninki biyu ke nan, a kan jirgin da gangar jikinsa ba ta kai kilo ɗari ba. Wannan ne ya ba shi damar ɗaukar sifinaka, wato babban filafilin nan mara kauri da ake bazawa a gaba idan ana bin iska, mai faɗin murabba'in mita kusan 38, inda ta 470 take 13.

Saura abu na uku, wanda shi ne yawanci ke rikita wanda ya taso a jirgi mai tafiyar hawainiya. Iskar da filafili ke ji ba ita ce wadda mutumin da ke tsaye a gaɓa yake ji ba. Ko ranar da ganye ba ya motsi, idan ka hau keke ka yi gudu za ka ji iska a fuska. Jirgi ma haka ne, yana haɗa iskar Allah da iskar gudunsa. A ce iska na kaɗawa daga gefe a kilomita 20, jirgin kuma yana gudun kilomita 20. Abin da filafilin zai ji ya kai kilomita 28, kuma daga gaba-gaba zai zo, ba daga gefe ba. Ƙarfin iska a kan filafili kuwa ba bi-da-bi yake hawa ba, idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Don haka tashi daga 20 zuwa 28 ya ninka ƙarfin. Gudu yana haifar da iska, iskar ta haifar da ƙarin gudu, har sai jan ruwa ya taka masa burki.

Shi ya sa ba za ka taɓa ganin 49er ya miƙe sak da iska a bayansa ba. Idan ka sa iska a ƙeya, duk gudun da ka ƙara ragewa yake daga iskar da ke tura ka. Sai dai ya riƙa gangarowa a karkace, ya yi nan ya juya ya yi can. Idan ya kauce da digiri 35 daga hanyar kai tsaye, tafiyar ta ƙaru da kashi 22 cikin ɗari, amma gudun da ya samu ya biya wannan har da riba. 470 yana iya kusantar miƙewa sak, musamman a iska mai sauƙi, domin sifinakarsa mai kafaɗa biyu daidai ce, ana tokare ta da sanda daga jigo a juya ta duk gefen da ake so. Ta 49er kuwa daga wata doguwar sanda da ke fitowa a goshin jirgin ake ɗaure ta, kuma an yanka ta ne don iskar da ke zuwa daga gefe.

Yanzu zancen kifewarku. Da farko ka kwantar da hankalinka, ba ku kaɗai ba ne. A Olamfik ɗin 2008, a tseren ƙarshe na 49er a Qingdao ta ƙasar Sin, iska da taguwa sun yi ƙarfi har jiragen da ke gaba suka riƙa kifewa ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗannan su ne goma mafi ƙwarewa a gasar. 'Yan Denmak, Jonas Warrer da Martin Kirketerp, jigonsu ya karye tun kafin a fara, suka koma gaɓa da sauri suka ari jirgin 'yan Kuroshiya, suka tashi bayan kowa ya yi nisa, su ma suka sha ruwa, suka ƙare na bakwai, kuma hakan ya ishe su ɗaukar zinariya. Jirgin da yake yi wa irin waɗannan mutane haka, ba abin kunya ba ne don ya kayar da ku ranar farko.

Amma akwai dalilai, kuma kusan kullum su ne dai. Cikin 49er da ke taɓa ruwa siriri ne ƙwarai, duk faɗin nan na fukafukai a sama yake. Idan ka sake shi a ruwa ba kowa a kai, faɗuwa zai yi, kamar keke. Gudu ne ke ba shi natsuwa, sabon shiga kuma idan ya tsorata rage gudu yake yi, sai ya ƙara jefa kansa cikin abin da yake gudu. Na biyu, hannunka ya saba da abin da jirginka na da ya koya maka: idan iska ta bugo, ka karkata goshi wajenta don ta zube. Wannan daidai ne in kana hawa iska, wato kana dosar wajen da take fitowa. Amma in sifinaka na sama, yin haka kifewa ne nan take. Abin yi shi ne ka kauce mata, ka karkata goshi inda take dosa, jirgin ya zabura, ya dawo ƙarƙashin jigonsa. Kai zai gane wannan a minti ɗaya, hannu kuwa sai ya yi watanni kafin ya yarda.

Wuri na uku shi ne juyi ta baya, lokacin da ake bin iska ana so a sauya gefe. Kowa yana jin tsoronsa, sai ya jira gudu ya ragu kafin ya juya. Kuskure ne babba. Lokacin da jirgin ke tsananin gudu, a nan ne iskar da ke danna filafili ta fi rauni, don kana gudu tare da ita, sai sandar kwancen da ke ƙasan babban filafili ta tsallaka a hankali. Idan ka bari gudu ya mutu, dukan ƙarfin iskar zai sauka a kan babban filafilin daidai lokacin da ku biyun kuke tsakiyar jirgi ba wanda ke rataye. Ni kaina na ɓata kusan kaka guda ina ɗora wa abokin tafiyata laifin jinkirin tsallakawa, ashe ni ne nake ɓata sakan biyu ina tattara ƙarfin hali kafin in tura sandar tuƙi. Ranar da wani ya bi mu a jirgin inji ya ɗauki bidiyo, ban sake buɗe baki ba.

Sai kuma juyowa daga hawa iska zuwa bin ta, a alamar tsere da ke can wajen da iska ke fitowa. A tsakiyar wannan juyi akwai inda iska ke dukan jirgin daga gefe sosai, ƙarfi ya kai maƙura, goshi kuma yana neman nutsewa. Idan ya nutse cikin taguwa, jirgin ya tsaya cak, ku kuwa ba ku tsaya ba, igiyar lilo za ta yi majaujawa da ku har gaban jigo. Maganinsa a sassauta igiyar da ke danne sandar kwance tun kafin a iso, a saki babban filafili da na goshi tare, ku ja jiki can baya, sannan a yi juyin da zuciya ɗaya ba tare da tsayawa a tsakiya ba.

Duk abin da na lissafa, babu wanda mutum ɗaya ke yi shi kaɗai, kuma nan ne ku da kuka fito daga jirgin mutum ɗaya za ku fi shan wuya. A 470 matuƙi ne ke riƙe da sandar tuƙi da igiyar babban filafili, don haka abin da ya saba yana hannunsa, ɗan gaba kuma yana kula da filafilin goshi da sifinaka da daidaita jirgi da jikinsa. A 49er, lokacin hawa iska, igiyar babban filafili tana hannun ɗan gaba. Wato sitiyari na hannun wani, totur na hannun wani. Idan iska ta bugo, matuƙi ya ɗan karkata, ɗan gaba kuma ya saki igiya a lokaci guda, gyaran ya yi yawa, sai jirgin ya faɗo muku a ka ta gefen da kuke rataye. Idan kowa ya jira ɗan'uwansa, ya kife ta ɗaya gefen. Sai an kai inda kowa ya san abin da ɗayan zai yi kafin ya yi shi, wannan kuwa sa'o'i ne a kan ruwa, ba a karanta shi. Peter Burling da Blair Tuke na Niyu Zilan sun ɗauki azurfa a 2012, zinariya a 2016, azurfa kuma a Tokiyo, duk su biyun dai. Martine Grael da Kahena Kunze na Birazil sun ci zinariya sau biyu a jere a 49erFX, wato 49er mai ƙananan filafilai da mata ke tsere da shi. Dubi yawan shekarun da kowace ƙungiya ta yi ba ta sauya abokin tafiya ba.

Ku tsara kalmominku tun a gaɓa, gajeru, kuma kowace da ma'ana ɗaya. Ɗan gaba ya fi ganin ruwa, shi zai riƙa kiran bugun iska, don ana ganinsa yana tahowa kamar duhu a fuskar ruwa, ya ƙirga uku, biyu, ɗaya. Matuƙi shi ke kiran juyi. Gardama kuma a ajiye ta sai an fito.

To wanne za ku ɗauka? Kilo 140 ɗinku ya zauna daram a 470, wanda ya fi dacewa da mutum biyu masu nauyin 110 zuwa 145 a haɗe. Ga 49er mai cikakken jigo kun yi rashin nauyi, don mazan da ke tsere da shi sun fi kusa da 160, kuma iska na ɗan tashi za ku koma zubar da ƙarfin da ba ku iya riƙewa. 470 tsohon jirgi ne, André Cornu na Faransa ya zana shi a 1963, ya shiga Olamfik a 1976, aka ware wa mata nasu tseren a 1988, a 2024 kuma aka mayar da shi na mace da namiji a jirgi ɗaya. Wasu matasa na yi masa kallon tsohon yayi. Ni ban yarda ba. Jirgi ne mai igiyoyin gyara da yawa, za ka koyi lanƙwasa jigo, da matsar da cikin filafili gaba ko baya, da ɗaga allon ƙarƙashi gwargwadon iska, kuma saboda gudun jiragen kusan ɗaya ne, tseren ya koma na dabara: wa ya karanta sauyin iska, wa ya tare wa wani iska, wa ya samu gurbi a layin tashi. Yana yafe kuskure gwargwado, don haka za ku yi tsere a shekarar farko maimakon iyo. Ka sani dai aiki ne na ƙarfi, domin idan iska ta kai wani mataki alƙalan tsere sukan ɗaga tuta su halatta girgiza jirgi da fizgar filafili da jiki, abin da doka ta 42 cikin dokokin tsere ta hana a sauran lokuta, kuma ɗan gaba zai san ya yi aiki.

Idan kuwa zuciyarku ta riga ta tafi ga irin tuƙin 49er, wato gudu da karkacewa, to hanyar ba ta 470 ba ce. Julian Bethwaite na Ostireliya, wanda ya zana 49er har aka zaɓe shi a 1996 bayan gwaji a tafkin Garda na Italiya don Olamfik ɗin Sidni na 2000, shi ne ya zana ƙaninsa 29er don matasa, mai igiyar lilo ɗaya. Halinsu ɗaya, amma kun ɗan yi masa nauyi. Abin da ya fi dacewa da ku shi ne 49erFX: gangar 49er ce sak, aka ɗora mata gajeren jigo da ƙananan filafilai. Mata ne ke tsere da shi a Olamfik tun 2016, amma ba abin da ya hana maza marasa nauyi tuƙa shi, kuma da yawa ta nan suke bi kafin su hau babban. Ko shi ɗin, ku sa a ranku cewa watannin farko na koyon tsayawa ne, ba na tsere ba.

Akwai wasu da ba na Olamfik ba da bai kamata a manta da su ba. 505, wanda John Westell ya zana a farkon shekarun 1950, yana da lilo ɗaya da ƙatuwar sifinaka, yana son manyan mutane, kuma a iska mai ƙarfi daɗin tuƙinsa sai wanda ya hau. Fireball na Peter Milne, na 1962, ya fi dacewa da nauyinku. Kafin ku yanke shawara, ku duba wane aji ne ke da jirage da yawa a ruwan da za ku riƙa fita. Jirage goma iri ɗaya a layin tashi za su koya muku abin da jirgi mafi gudu a duniya ba zai koya muku ba idan ku kaɗai ne da shi.

Ko wanne kuka ɗauka, ku fara da koyon kifewa da gangan, a rana mai sauƙin iska, da jirgin inji a kusa. Idan sifinaka na sama aka kife, a fara tattara ta cikin jakarta kafin a yi yunƙurin tayar da jirgin, in ba haka ba ta cika da ruwa ta zama anga. Mutum ɗaya ya hau allon ƙarƙashi da wuri don kada jigon ya nutse jirgin ya juye gaba ɗaya. Kada ka faɗa kan filafili da ƙafa, za ka huda shi ko ka danna jigon ƙasa. Haɗarin da ya fi kowanne a wannan wasa ba gudu ba ne, maƙalewa ce: ƙugiyar ɗamara ta kama waya ko igiya alhali jirgin na juyewa a kanka. Saboda haka ku nemi ɗamara mai ƙugiyar da ake cirewa da fizga ɗaya, ku gwada cire ta ido rufe har hannu ya haddace, kowa ya sa rigar iyo a ƙarƙashin wata riga mai kama jiki don kada maɗauranta su saƙale, kowa kuma ya ɗauki wuƙa mara tsini a inda kowane hannu zai kai. Da zarar kun faɗa ruwa, kafin kowa ya taɓa jirgin, ka kira sunan abokinka ka ji ya amsa.